Ludayi a Bakin Ƙwarya

Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kira sunan Yaya ba. Yaya ce ɗiyar fari, kuma a wajenmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da cinsa ko kwanansa. Inna ta fi sauran matan unguwa riƙe wannan, domin a ruga ta tashi, can wajen Kaoje, kafin a kawo ta gidan Baba a Bagudo, kuma kunyar ruga ta fi ta gari nauyi. In za ta ambaci Yaya sai ta ce “waccan”. In ta matsu ƙwarai ta ce “yayarku”, tana kallon wani wuri daban.

Amma gida ba ya tafiya sai da kira, don haka Inna ta samo dabararta. In tana son Yaya, sai ta ƙwanƙwasa ludayi a bakin ƙwaryar fura, a hankali, kamar mai kakkaɓe ɗigon nono. Mu sauran yara ko a jikinmu, mun san ba namu ba ne. Yaya kuwa ko tana bayan ɗaki tana shanya, ko tana bakin rijiya guga na bugun bango, sai ta ji. Ta zo ta durƙusa a gefe, ba su haɗa ido ba, Inna ta yi magana kamar da iska take yi: “Ruwan randa ya yi ƙasa.” Yaya ta tashi ta ɗauki bokiti. Ina ƙarama na ɗauka kowace uwa haka take kiran 'yarta ta fari, har na taɓa tambayar wata ƙawata a firamare wane irin ludayi ne nasu.

Sauran saƙo kuma ta bakina yake bi. “Ki ce ma waccan ta rage gishiri.” “Ki ce ma Inna na ji.” Alhali tsakaninsu bai wuce tsawon tabarma ba. Ban taɓa ganin abin a matsayin rashin so ba. Kan kifi, wanda Inna ta fi so a duk tukunya, kullum a kwanon Yaya yake ƙarewa, kuma ba wanda ya taɓa ganin hannun da ya kai shi.

Yaya ita ta zaɓi mijinta. A kasuwar Tuga ya fara ganinta, ta je sayen busasshen kifi, ya biyo sawu har gida. Mutumin Tsamiya ne, can bakin iyaka, yana ɗaukar kaya a babur yana shiga da su Segbana a ƙasar Benin, ya dawo da wasu. Yana jin Dendanci da ɗan Faransanci, yana da fara'a, in ya zo zance har mu ƙanne sai ya sa mu dariya da kwaikwayon jandarmomin hanya. Yakan kawo mana burodin can, dogo siriri kamar sandar makiyayi, mu yi ta faɗa a kan ɓawon. Baba yana da wani a ransa, amma da ya ga inda hankalinta ya karkata, ya bar ta da zaɓinta. Na faɗi wannan ne domin daga baya shi ya ɗaure mata baki. Wanda ya ce da bakinsa “shi nake so” yana jin nauyin dawowa ya ce wani abu.

Bayan aure ta fara zuwa yaji. Ba sau ɗaya ba. Za mu gan ta da rana tsaka, da jaka a hannu, ta ce saɓani ne. Ta yi 'yan kwanaki, sai dangin mijin su zo biko da ƙullin goro, su zauna a zaure da Baba, a yi ta ba da haƙuri, Gwaggo, yayar Baba, ta yafa mayafi ta raka ta. A irin wannan rana Inna ba ta zama a gida. Uwar ɗan fari ba ta da baki a maganar aurensa. Da ta ji sallamar baƙi sai ta ɗauki mayafinta ta shiga maƙwabta, ba ta dawowa sai bayan sun tafi. In ta dawo ba ta tambayar komai. Sai dai ta ɗauki tsintsiya ta share inda jakar Yaya ta zauna, ko da wurin a share yake.

Mutane suna da uzurin da suke ba shi. Sun ce tun da aka rufe iyaka hanya ta yi wuya, mai babur sai ya bi daji, ya dawo gida da zuciya a wuya. Ni dai na tuna cewa yajin farko ya riga rufe iyaka.

A shekarar da nake son ba da labarinta, na dawo hutun damina daga makaranta a Birnin Kebbi. Kogin Kwara ya cika ya batse, fadama ta yi shar da shinkafa, balbelu suna tashi suna sauka a cikinta kamar wanki da iska ta ɗebe daga igiya. Ina son wannan lokaci fiye da kowane. Na shiga gida da ɗokin in ajiye jaka in fita kallon ruwa, sai na tarar da Yaya a tsakar gida tare da 'yarta, yarinyar da ba ta daɗe da iya magana ba.

Ta rame. Amma ba ramar ce ta tsaya mini a rai ba. In kana mata magana sai ta karkata kai, ta ba ka gefen dama, kamar kaza mai duban sama. In ta miƙe daga zaune sai ta dafa bango ta ɗan tsaya tukuna. Yarinyar kuma ba ta da rigima ko kaɗan, har abin ya yi yawa. Da zarar babur ya wuce ta bayan katanga sai ta saki abin da ke hannunta ta shige bayan randa, ta tsuguna har sai ƙarar ta ɓace. Wata rana na gan ta da 'yar tsanar kara da ƙaninmu ya yi mata. Ta zaunar da ita, ta kumbura murya, ta kai mata mari tana cewa, “Ba ki ji na? Ba ki ji na?” Inna tana tankaɗe a kusa. Rariyar ta tsaya a hannunta na ɗan lokaci, sannan ta ci gaba.

Wajen kitso na gani. Bayan azahar ne, muna gindin darbejiya, ta ɗora kanta a cinyata kamar yadda muka saba tun muna 'yanmata. Na gama gefen dama, na ce ta juya. Ta juya a hankali. Akwai auduga cushe a kunnenta na hagu, ta yi rawaya, kuma tana ɗan wari.

Na ce, “Yaya, mi na wanga?”

Ta amsa da murya irin ta mai faɗin farashin albasa. “Da hannun dama shike yi. Shi ya sa kullum hagu.”

Ban tambaye ta dalili ba, amma ta lissafo mini, kamar tana son in taya ta duba ko akwai wanda ya isa. Tuwo ya huce. Ta daɗe a gidan suna. Ta yi dariya da wani ɗan'uwansa. Sannan tun da kunnen ya toshe, in ya dawo ya yi kira daga waje ba ta ji, sai ya ce raini ne, ya sake kai hannu a wurin. Ta ce in abin ya wuce yakan zauna ya yi shiru, wani lokaci har ya sayo mata atamfa. Ta ce dare da rana akwai abin da ke kuka a cikin kanta kamar gyare.

Na ce, “Inna ta sani?”

Sai ta yi dariya, dariyar gaske, har kanta ya motsa a cinyata. “Da wane baki? In ce ki ce ma Inna surukinta na bugun waccan?” Ta kama yatsana ta riƙe. “Ke, dut saƙon da kika kai tun muna yara, wanga ki bar shi nan. Ni na ce shi nike so. Kuma ko ta ji, mi za ta yi? Ba ta da baki a kaina.”

Ta yarda dai in gaya wa Gwaggo, domin a hannun Gwaggo ta yi ƙuruciyarta, kuma ita ce mai iya tsayawa a gaban Baba. Gwaggo ta saurare ni har ƙarshe, ta yi salati, ta share ido da bakin zani. Sannan ta miƙo mini wuyan hannunta, wanda na sani a karkace tun ina yarinya ban taɓa tambayar dalili ba.

Ta ce, “Ɗiyata, wace mace ta kai shekaruna ba ta da inda ke mata tsami in hadari ya taso? Haƙuri na. Wata rana sai labari.”

Ta narka man shanu ta ɗiga wa Yaya a kunne, tana tofa addu'a. Da so ta yi. Iyakar abin da aka yi mata ke nan a zamaninta.

Da ruwan kunnen bai tsaya ba, na ja Yaya muka je asibiti. Wadda ta duba ta mace ce mai shekaru, ta haska kunnen da 'yar fitila ta daɗe tana kallo. Ta ce dodon kunnen ya yage, tsohon ciwo ne aka yi ta famawa, kada a ƙara ɗiga masa mai ko ruwa. Ta auna jininta, ta sake aunawa, ta ce ya hau fiye da yadda ya kamata ga mace mai ƙuruciya. Yaya ta ce faɗuwa ta yi a bakin rijiya. Matar ba ta musa ba. Ta ɗora hannu a gwiwar Yaya, ta matso ta gefen dama ta ce, “Ƙanwata, guda ya rage miki. Ki yi tattalinshi.”

Na gaya wa Baba abin da aka ce a asibiti. Baba mutum ne mai sanyi, bai taɓa ɗaga wa Inna murya ba balle hannu, kuma ina jin shi ya sa ya kasa hango abin a yadda yake. Ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ce wannan karon zai ja wa dangin mijin kunne sosai. Abin da ya fi tsoro a duniya shi ne a ce ya kashe auren ɗiyarsa da hannunsa. A makon ne saƙo ya zo daga Tsamiya: ranar Juma'a za a zo biko. Gwaggo ta fara wanke wa yarinya kaya.

Ranar Alhamis da hantsi an ɗauke ruwan sama, tsakar gida tana ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Inna tana dama fura a ƙofar ɗakinta. Yaya tana zaune kusa, tana tsintar shinkafa a faifai, gefenta na hagu yana fuskantar Inna. Ni ina kan turmi da littafi a hannu, ba karatun nake ba, ɗigon ruwa nake kallo yana sauka daga indararo.

Inna ta ƙwanƙwasa ludayi.

Yaya ta ci gaba da tsinta. Ta ɗauki tsakuwa ta jefar, ta ɗauki wata.

Inna ta sake ƙwanƙwasawa, da ɗan ƙarfi. Na buɗe baki zan yi magana, sai ta ɗaga mini hannu ba tare da ta dube ni ba. Ta buga kuma, har kajin da ke kusa suka watse, har yarinyar ta ɗago kai daga wasanta. Yaya ba ta motsa ba. Yatsunta suna ta tafiya cikin shinkafa, fuskarta a kwance, tana can cikin kukan gyarenta.

A nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Inna ta juya gaba ɗaya ta kalli Yaya. Kallo sosai, a fuska, ta daɗe, kamar mai karanta wasiƙar da ta yi shekaru a hanya. Ta kalli audugar, ta kalli ƙashin wuyan da ya fito. Sannan ta ajiye ludayin a cikin ƙwarya, ta ce da ni a hankali, “Tun yaushe?”

Saƙon da aka hana ni kaiwa ke nan, amma ba ni na kai ba, tambayata aka yi. Na faɗi abin da na sani, har da hannun dama, har da maganar asibiti. Inna ta ɗauki ludayin. Ta ƙarasa damun furarta, ta zuba wa kowa. Yinin ranar ba ta ci abinci ba.

Washegari bayan la'asar suka iso: kawun mijin, da wani dattijo, shi kuma mijin ya tsaya a waje kan baburinsa. Yarinyar tun daga jin ƙarar ta shige bayan randa. Muna jin gaisuwarsu daga zaure. Gwaggo tana ɗaure wa Yaya jaka tana yi mata nasiha, Yaya tana zaune a bakin gado da mayafi a cinya, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Inna ta ɗauki mayafinta kamar kullum. Na ce a raina, shi ke nan, maƙwabta za ta.

Gidanmu ƙofa ɗaya gare shi, ta zaure ake fita. Na bi ta da ido. Ta shiga zauren, amma ba ta fita ba. Ta durƙusa daga gefe ta gaida baƙi. Na matsa jikin zana ina ji.

Kawun ya amsa da mamaki, ya ɗan yi dariya. “A'a, yau uwar ɗiya da kanta? To madalla. Mun zo neman ahuwa na. Kin san yaran yanzu. Harshe da haƙori ma suna saɓawa, kuma su kwana ɗaki guda. Yaron ya yi nadama, shina nan waje, kunya ta hana shi shigowa.”

Inna ta ce, “Da kunne biyu na ba ku ita.”

Gwaggo ta fito da sauri, ta tsaya a bayana tana magana ƙasa-ƙasa amma kowa na ji: “Ke! Ɗiyar fari ta fa! Mi kike yi nan?”

Inna ta ce, “Na sani. Ni na haife ta.” Ta juya wajen Baba. “Malam, ban taɓa sa baki ba. Dut zuwan da suka yi, fita nike in ba ku wuri. Jiya na kira ta, tana nan kusa da ni kamar yadda kake, ba ta ji ba. In ta koma yau, wane za mu ba su? Na dama?”

Kawun ya ce, “Haba, ai ba a haka. Mu ma ɗiya muke aurarwa. Za mu tsawata mai.”

Inna ta ce, “Kun tsawata bara.”

Daga nan ta miƙe tsaye, ta fuskanci cikin gida, ta kira sunan Yaya.

Ba zan rubuta sunan a nan ba. Amma na ji shi a bakin Inna, da ƙarfi, kamar yadda matan ruga ke kira daga nesa, kuma ya fito da wani lanƙwasa da ban taɓa ji a bakin kowa ba, kamar ta daɗe tana faɗinsa a ciki ita kaɗai. Gwaggo ta rufe baki da hannu. Baba ya sunkuyar da kai. Yaya ta fito daga ɗaki ba takalmi, ta dafa bango, ta zo har bakin zaure ta durƙusa, idonta a ƙasa.

Inna ta zagaya ta gefen damanta. Ba ta bi ta bakina ba, ba ta yi magana da iska ba. Ta ce, “Kina son komawa?”

Duk zuwan bikon da aka yi, ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambaya. An sha ce mata ta yi haƙuri, an sha ce mata ta tashi. Na ji babur a waje an tayar da shi an kashe. Sannan ta ce, “A'a, Inna.”

Ƙullin goron yana gaban Baba a kan tabarma, ba a kwance shi ba. Ya dube shi, ya dubi Yaya, ya dubi audugar da ke kunnenta, wadda nake jin sai a lokacin ya gan ta da idonsa. Ya sa hannu ya tura goron a hankali har gaban kawun. Ya ce, “Ku tahi da shi. Kun ji abin da ta ce.”

Ba a nan maganar ta ƙare ba. An yi ta kai da kawo har gaban alƙali, kuma sai bayan an yanke shinkafa aka raba auren. An yi surutu a unguwa, wasu suka ce Inna ta zubar da kunya a gaban surukai, kuma ita kanta ta yi kwanaki ba ta leƙa maƙwabta ba. Gwaggo ta yi fushi na ɗan lokaci, sannan wata rana ta zo da soyayyen kifi, ta zauna kusa da Yaya tana murza karkataccen wuyan hannun nan nata.

Kunnen bai dawo ba. A asibitin Birnin Kebbi sun tsayar da ruwan kunnen, amma sun ce jin da ya tafi kaɗan ne zai dawo. Har yau tana shan maganin hawan jini, kuma in hadari ya haɗu jiri yakan ɗebe ta. Wani lokaci takan tuna burodin Segbana ta yi murmushi. Yarinyar ta ɗauki lokaci kafin ta daina gudun babur. Yanzu tana makaranta, kuma surutunta ya ishi gida.

Inna ba ta ƙara kiran sunan ba. Ta koma “waccan”, ta koma kallon wani wuri. Amma ludayi ya daina aiki, don haka in tana son Yaya sai ta ajiye abin da take yi, ta tashi, ta zagaya ta gefen dama, ta dafa kafaɗarta. Hannun yakan ɗan daɗe a wurin. Sannan ta ce, tana kallon katanga, “Ruwan randa ya yi ƙasa.”

Hutun da ya wuce na ji ta faɗi haka da safe. Yaya ta ce to, amma ba ta tashi ba, Inna ma ba ta ɗauke hannu ba. Da na je shan ruwa na ɗaga murfin randar. Cike take har baki.